Kunnen Ummi da Tumatirin Inna

"Ɗan juyo min ita wajen haske," in ji Inna Talatu.

Muhsina ta gyara zama a bakin katifa, ta juya jaririyar ta fuskanci ƙofa. Inna, uwar mijinta, ta sa yatsu biyu ta kama ɗan kunnen, ta lanƙwasa shi, ta leƙa bayansa, ta sake shi ta koma ɗayan. Daga nan ta ɗago 'yan yatsun hannun tana duba gindin farce. Sai wani dogon numfashi da ta ja, wanda da zagi ta yi ma da ya fi sauƙin ji.

Duk Kura an san Inna Talatu da karatun kunne. Jariri ai kowa da haskensa yake zuwa duniya, amma mata sun ce a gefen kunne ake gane gaskiya. In ya yi duhu, yaro zai rine ya bi kunnensa, in bai yi ba, to fari ne har girmansa. Inna kuwa kallo ɗaya take yi ta yanke hukunci, kuma ba a cika kama ta da kuskure ba. To ga shi an zo kan jikarta ta fari, karatu ya ƙi daɗi. Ta duba kunnen nan ranar haihuwa, ta duba ranar suna, ta biyo shi a Adaidaita Sahu har Bunkure, inda Muhsina ta zo wankan jego gidan kakarta Iya. Ga arba'in ta ƙarato, kunne na nan jawur kamar ranar farko.

Yarinya fara ce tas. Uwarta baƙa ce, ubanta Suhaibu kuwa, kai jama'a, in ya tsaya a inuwar mangwaro sai ya yi murmushi kake gane inda yake.

Iya ta shigo da kwanon kunun kanwa tana dogara bango, ta ajiye wa baƙuwa. Ita ta riƙe Muhsina tun rasuwar uwarta, ita ce uwa ita ce uba. Bayan an sake gaisawa ta kawo zancen ranar da za a mayar da mai jego ɗakinta, don gara ta kusa haɗuwa.

"A dakata da wannan tukuna," in ji Inna, tana gyara mayafi.

"A dakata? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Iya. Ni dai na ga haihuwa iri-iri a rayuwata... amma baƙi da baƙa su haifi wannan, ban taɓa gani ba. Ban ce komai ba fa. Cewa na yi a dakata."

Ta miƙe, kunu ko kallo bai ishe ta ba. Har ta kai zaure ba ta waiwayi jaririyar ba, alhali sunanta na yanka, Halimatu Sa'adiyya, shi Suhaibu ya sa wa yarinyar, ake kiranta Ummi don alkunya. Kowace kaka da aka yi wa haka, takwara ba ta sauka daga bakinta. Inna kuwa tunda aka yanka ragon suna ba ta taɓa furta kalmar ba.

Iya ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta girgiza kai ta ce a hankali, "Talatu ke nan... 'yar Gidaɗo." Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Muhsina ta rungume Ummi, hawaye ya ɓalle mata. Ta ji maganar sarai. Wanda ya ce bai ce komai ba ai ya gama faɗa.

Ba yau aka fara ba. 'Yan barka kowa da nasa fassarar. Wata ta ce man bilicin ne mai jego ta riƙa shafawa da ciki har ya ratsa ya taɓa yarinya, alhali Muhsina in ban da man kaɗanya ba abin da ya san jikinta. Wata ta ce madara ta sha da yawa. Wata tsohuwa ma rantsuwa ta yi kallon finafinan Indiya ne ya jawo, wai ido ne ya ɗauka ya kai wa ciki. Duk waɗannan dariya suke ba ta. Fassarar da ba ta ba ta dariya ita ce wadda ba wanda yake faɗa da ƙarfi, wadda ake yi da ido da taɓe baki in an fita tsakar gida.

Abin da ya fi ci mata rai kuwa Suhaibu ne. Tunda aka fara tsinkar tumatir ƙafarsa ta ɗauke daga Bunkure. In ta kira shi sai ya ce yana gona, ko yana kasuwar Kwanar Gafan wajen lodi, zai kira ta. In ya kira, ya jikinki, ya Ummi, shi ke nan. Wannan ne mutumin da a da sai ta ce masa cajinta ya ƙare kafin ya ajiye waya?

Ta tuna haɗuwarsu. Tana dawowa daga Islamiyyar da take koyar da yara, ta hau 'yar siririyar gadar kanal ɗin ban ruwan gonaki, takalminta ya suɓuce ya faɗa ruwa. Wani saurayi da ke ban ruwa a ƙasa ya bi shi da gudu a gefen kanal, ya kamo shi da fartanya, shi kansa saura ƙiris ya bi takalmin. Da ya miƙo mata sai ya ce ladansa kawai ta faɗa masa gidansu. Ta ce ba ta faɗa wa masu taɓo a ƙafa. Washegari da la'asar sai ga shi a zauren Iya, ƙafa fes, har da turare. Baƙar Zuma yake kiranta tun daga ranar, ya kuma gargaɗe ta cewa ranar da ta shafa man ƙara haske, ranar zai kai ta ƙara wajen Iya.

Yanzu ga shi haske ya shigo musu gida ta inda ba su zata ba, yana neman raba ta da ɗakinta.

Washegari ranar riga-kafi ce. Ta goya Ummi ta tafi ƙaramin asibitin unguwa, ido a kumbure. Sistar da ke yin allura dattijuwa ce mai faɗa da wasa a haɗe. Ta kalli uwa, ta kalli 'ya, ta kalli idon uwar, sai ta ce ta jira ta a benci har layi ya ƙare. Ba sai da Muhsina ta yi dogon bayani ba, Sista ta ce ai ba ita ce farau ba, ta sha ganin irin wannan kukan a wannan bencin.

Ta yi mata bayani a hankali. Ta ce launin fata ba abu guda ba ne da yaro ke ɗaukowa sukutum daga uba ko daga uwa. Ƙwayoyin gado ne masu yawa, ƙanana ƙanana, wasu na ƙara duhu, wasu na rage shi, su suke haɗuwa su ba da launin mutum. Kowa kuma yana ɗauke da su a gauraye daga kakanni da kakannin kakanni, har da waɗanda ba a gani a jikinsa. In an zo haihuwa uba ya ba da rabin nasa, uwa ta ba da rabin nata, ba wanda ke zaɓa.

"Ki ɗauka ke da shi kowa yana da buhun wake, fari da ja a gauraye, jan ya fi yawa," in ji Sista. "Ku rufe ido kowa ya ɗebo hannu guda ku zuba a kwano ɗaya. Yawanci ja zai rinjaya. Amma wata rana sai a dace ke kin ɗebo farare, shi ma ya ɗebo farare. To wannan kwanon ne kike goye da shi. Ƙaninta na iya zuwa ya fi ubansa baƙi. Haka tsayi ma yake, shi ya sa kike ganin gajeru sun haifi dogo."

Muhsina ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ita dai ta san kanta, ba ta taɓa shakkar kanta ba, amma rashin sanin yadda aka yi ya sa ko a zuciyarta ba ta da amsar da za ta ba mutane. Yanzu ta samu. Sai dai tana tafe tana tunani, wa zai zaunar da Inna Talatu ya karanta mata buhun wake? Ita da ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta?

Tana shan kwanar gidansu ta hango babur a gindin darbejiya. Mai shi na zaune a kai, wando a naɗe, taɓo har ƙwauri. Suhaibu ne. Ta wuce shi ta shiga zaure, ya biyo ta.

"Baƙar Zuma..."

"Au, ka tuna sunan?"

"Ki tsaya ki ji ni, don Allah."

"Ina ji. Amma kafin ka ce komai, tambaya ɗaya zan yi maka, Abban Ummi, kuma ka dube ni ka amsa. Kai ma a dakata ka ce?"

Suhaibu ya zauna a dakalin zaure. Ya miƙo hannu, ta kwanto Ummi ta ba shi. Ya ɗora ta a ƙirji, farar fuskarta a kan baƙin wuyansa, ya ɗago ya dubi matarsa ido cikin ido.

"Wallahi, Muhsina, ko na ƙiftawar ido ban taɓa zarginki ba. Wannan 'yata ce. Ko kore ta fito 'yata ce."

Dariya da kuka suka kama ta lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara. Ta durƙusa a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa, taɓon ma ba ta damu da shi ba. Ashe duk nauyin da take ji a ƙirji kwana da kwanaki, wannan kalmar kawai yake jira. Ta ji iska na shiga huhunta har ƙasa, irin yadda rabonta da ji tun ranar suna.

Da ta nutsu ta tambaye shi to me ya hana shi zuwa. Ya sunkuyar da kai ya ce kunya ce. Ya yi wa Inna magana sau biyu, ta ce shi yaro ne, so ya rufe masa ido, in ya ƙara za ta ɗauka ya zaɓi mata a kan uwa. Ba zai iya ɗaga mata murya ba, ba kuma zai iya zuwa ya kalli idon Muhsina hannu rabbana ba. Ta ce masa wannan wauta ce, da ya zo ya zauna shiru ma da ya fi. Ya amsa laifinsa ba gardama.

Ta kwashe bayanin Sista ta faɗa masa, har da buhun wake. Yana ji yana gyaɗa kai, sai ta ga murmushi na faɗaɗa a fuskarsa har haƙoran nan suka fito.

"Ai kuwa buhun waken Sista yana nan a gonata," in ji shi, "sai dai nawa tumatir ne."

Ya ba ta labari. Bara ya shuka irin kamfani na gwangwani, tumatir ya yi kyau, kowane ɗaya kamar ɗan'uwansa, dogaye masu tauri, dillalai har rububi suke. Inna ta ga haka ta ce almubazzaranci ne a riƙa sayen iri duk shekara ga iri a hannu. Ta zaɓi kyawawa da kanta, ta matse 'ya'yan, ta wanke, ta shanya, ta ƙulle a tsumma ta jefa cikin kwallarta ta rufe. Ya gaya mata malamin gona ya ce irin gwangwani ba a maimaita shi, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar iyayen. Ta ce malamin gona da masu sayar da iri ai bakinsu ɗaya. Da lokaci ya yi ita ta yi renon da hannunta a bayan ɗaki, shi kuma don a zauna lafiya ya ware mata 'yan fangali a ƙarshen gona ya dasa mata. Yanzu sun nuna.

Muhsina ta tambaye shi yadda suka fito. Ya ce ba zai ɓata mata kallo ba, ai dole ta zo yawon arba'in Kura ta gaida Inna, ko an dakata ko ba a dakata ba. Ta zo kawai, ta taho da Iya.

Ranar da aka yi arba'in Muhsina ta ci kwalliya, ta sa wa Ummi 'yar riga ruwan hoda, aka ɗora Iya a Adaidaita da ƙyar da addu'a. Hanya duk kore ce, hagu albasa, dama tumatir, ga kwanduna jere a bakin titi ana jiran motocin kudu. A da in ta bi hanyar nan hira take yi, yau kuwa hanya kawai take kallo. Ta yarda da mijinta, amma ta san Inna.

Da sallamarsu suka tarar da tsakar gida ta koma ja. Inna na zaune a kujera 'yar tsuguno, wuƙa a hannu, tumatir tsibi a kan buhu a gabanta, tana yankawa tana jerawa a tabarma don a shanya a yi kauɗa. Kai, wannan tumatir da abin kallo yake! Wani dogo, wani zagayayye, wani ƙato kamar lemo, wani ɗan firit har goruba ta fi shi, wani ja wur, wani ya nuna amma ya tsaya a ruwan lemo, wani mai tauri, wani ka taɓa ya fashe. In ba an gaya maka ba, sai ka rantse daga gonaki goma aka tsinto su.

Inna ta amsa gaisuwa a daƙile, ta sa aka shimfiɗa wa Iya tabarma a inuwa. Muhsina ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta koma gefe ta rakuɓe da Ummi a cinya. Ɗakinta na can a kulle, labulen da ta bari yana nan a taga. Ta ɗauke kai don kada hawaye ya tona ta.

Ba a jima ba Suhaibu ya shigo da wani kwandon a kafaɗa, ya juye a kan tsibin. Shi ke nan ya taɓo Inna. Ta fara faɗa, tana yi tana nuna tsibin da wuƙa. Ta ce dillalai sun ƙi ɗauka, wai ba iri ɗaya ba ne ba zai yi tafiyar Legas ba, ga shi an bar ta da yanka har hannunta ya yi kanta. Ta ce ita ta san abin da ta ajiye, wani ne ya gauraya mata iri, kuma Allah na gani.

"Inna, wa ya zaɓi tumatirin da aka cire irin?" Suhaibu ya tambaya a ladabce, yana tsugune.

"Ni mana. Ɗaya bayan ɗaya, duk kai ɗaya."

"Wa ya ajiye?"

"Ka ji yaro. A kwallata ya kwana ya tashi, ɗakin kuma makullinsa na ɗaure a zanena."

"Reno fa?"

"Da hannuna na yi, ko kaza ban bari ta..." Sai wuƙar ta tsaya a hannunta.

"To kin gani, Inna. Ba wanda ya shiga tsakani. Duk 'ya'yan tumatirin bara ne, halak malak. Abin da ke ɓoye a cikin iyayen ne ya fito." Ya waiwaya. "Muhsina, gaya wa Inna abin da Sista ta ce."

Innalillahi, da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ba su yi haka da shi ba. Amma ta kalli Ummi da ke barci a cinyarta, ta ga in ba ta yi magana yau ba, yarinyar nan za ta girma ana kallon kunnenta. Kanta a ƙasa, murya ciki-ciki, ta faɗi abin da ta riƙe. Ta ce launi ba daga mutum ɗaya yake zuwa ba, 'yan ƙwayoyi ne da yawa daga kakanni na nan da na can suke taruwa, wasu su yi shekaru a ɓoye a jikin mutum ba a ganinsu, sai ranar da suka haɗu da 'yan'uwansu. Ta kawo buhun wake, ta rikice a tsakiya, ta gyara, ta ƙarasa. Gumi har ya jiƙa mata ɗankwali.

Inna ta ɗauki wani dogon tumatir a hannun dama, ɗan firit a hagu, tana juya su.

"Tumatir daban, mutum daban," ta ce daga baya, amma muryar ba ta da ƙarfin ɗazu. "Ko an ce kakanni, wane fari ne a cikinmu?"

Nan Iya, wadda tun zuwansu carbi kawai take ja, ta gyara zama.

"A wajenmu dai uwata ce, ja ce kamar a taɓa jini ya fito. A wajenku kuwa, Talatu, ni za ki tambaya? Ni fa na san Gidaɗo tun yana kiwo a bayan Bunkure, kafin a haƙa kanal ɗin nan."

Inna ta ɗago da sauri. Ta ce ai hasken Baffa, mahaifin nata, ya bi Baffa kabari, tunda ita bai ba ta ko ɗigo ba, 'ya'yanta ma ba wanda ya samu.

"Bai bi shi ba, ajiya ya ba ki," in ji Iya. "Kuma tunda kin kawo zancen rashin ba ki ɗigo... kin san ina amarya a maƙwabtanku aka haife ki? Yayyenki duk farare, ke kika zo baƙa. Na ga uwarki ta gama wanka ta naɗe kayanta, tana jiran a zo a tafi da ita. Dangin ubanki suka aiko a dakata."

Iya ta taɓa kafaɗarta.

"A kafaɗar nan tawa ta yi kuka. Har kika fara zama tana gidansu, kafin Gidaɗo ya dawo daga mashekarin shanunsa ya je ya ɗauko ku da kansa. Ban so faɗa ba, Talatu, don ba labarin daɗi ba ne. Amma ranar nan da kika ce a dakata, wallahi muryar gwaggwanninki na ji."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Inna. Ta ce uwarta ta taɓa gaya mata, sau ɗaya tak, tana budurwa, ta ce duk abin da za ta yi a duniya kada ta... Ba ta iya ƙarasawa ba, ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Muhsina ba ta taɓa ganin surukarta na kuka ba, sai ta ji duk haushin da ta ƙunso daga Bunkure ya narke, tausayi ya maye wurin.

Inna ta ɗauraye hannu a buta, ta goge a zane, ta miƙo su biyu. Muhsina ta matso a kan gwiwa ta sa mata Ummi. Da sabo, hannun Inna ya tafi kunne. Amma wannan karon ba ta lanƙwasa shi ba. Ta tsaya tana shafa samansa, inda yake da wani ɗan tsini kamar an ɗan matse shi da yatsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ture ɗankwalinta gefe, ta kai hannu nata kunnen, ta shafa wuri ɗaya.

"Kunnen Baffa ne," ta ce. "Ga shi a kaina, ga shi a kanta. Kullum ina kallon launinsa, ban taɓa kallon shi kansa kunnen ba."

Ta ɗago jajayen idanu ta dubi Muhsina.

"'Yata, abin da aka yi wa uwata na tashi yi miki. Ki yafe min."

"Haba Inna... wallahi ba komai, na yafe," in ji Muhsina cikin kuka.

Suhaibu ya juya baya yana ta kakkaɓe kwandon da ba komai a ciki, wai shi namiji. Iya kuwa ta ci gaba da jan carbinta tana murmushi, kamar ba ita ta tayar da ƙurar ba.

Inna ta share fuska, ta kwance makulli daga bakin zane ta jefa wa ɗanta, ta ce ya buɗe ɗakin matarsa ya sha iska, mai jego ta dawo ke nan, ba inda za ta. Iya ta ce a'a, ba a haka, ga gara can a Bunkure, ga kayan sawarsu, mutane za su ce an yi abu ba tsari. Inna ta ce mutane sun yi maganarsu ta ishe su, gara ta biyo baya ko bayan sallah ne. Suka ɗan taɓa musu irin na manya, kowa na dariya, Iya ta sakar mata.

Muhsina ta tsaya a ƙofar ɗakinta, ta shaƙi ƙamshin turaren wutar da ya kama labule tun tana amarya. Suhaibu ya zo wucewa da tsintsiya, ya rage murya ya ce, "Sannu da zuwa, Baƙar Zuma." Ta harare shi, ta ce saura hukuncin sa ta bayani a gaban Inna ba shiri. Ya ce ya ji ya ɗauka, ko na shekara ne.

Da ta waiwaya tsakar gida, Inna ta riga ta sa zane ta goya Ummi, ta koma kan kujerarta ta ɗauki wuƙa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, irin masu leƙen nan da ba a rasa su, ta ce a'a, Inna, baƙi aka yi ne?

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ɗan jijjiga bayanta.

"Wane baƙi? Takwarata ce ta dawo gida."